Motar Kara da Fijon Kaduna: Tarihin A-kori-kura a Hannun Masu Harhaɗa Ta

A ƙasar Zuru, kamar kowace ƙasa da dawa ce ƙashin bayan abincinta, aikin kaka ba ya ƙarewa da shigar hatsi rumbu. Bayan an yanke dawa an ɗaure dammuna, kara yakan rage a gona, kuma kowa yana da rabonsa a ciki. Magidanci zai gyara darni, uwargida ta sami abin hura wuta, dabbobi su sami karmami. Yara maza kuwa mota suke nema a cikinsa. Tun lokacin da mota ta zama abin gani yau da gobe a hanyar da ta taso daga Kwantagora ta bi ta Rijau ta shigo Zuru, motar kara ta shiga jerin wasannin rani, kuma daga cikin motocin da yaron karkara ya fi sani ido da ido akwai a-kori-kura, wato ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya.

Dalilin wannan sanayya a fili yake. Zuru ta daɗe tana nesa da hedkwatar duk wanda yake mulkinta: tana cikin Lardin Neja har zuwa 1976 da aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, sannan ta faɗa Jihar Kebbi a 1991. Tsakanin garin da su Dabai da Riba da Mahuta da Wasagu da Dirin Daji akwai tuddai da rafuka da hanyoyin da damina take cinyewa. Babbar mota ba ta shiga ko'ina, ƙaramar motar fasinja kuma ba ta ɗaukar buhu goma. A-kori-kura ce take shiga ƙauye ranar kasuwa, ta ɗauki dawa da awaki da masu su gaba ɗaya, ta tsaya a gindin bishiya har la'asar, yara suna kewaya ta suna leƙa ƙarƙashinta. A shekarun 1970 da 1980 wannan mota kusan kullum Fijo ce. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, ya yi mata mai buɗaɗɗen baya a 1967. 504 ta zo a 1968, a-kori-kurarta kuma a 1979.

Yadda ake ƙera motar kara ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa da suka yi ta a ƙuruciya ba su taɓa lura da yawan ilmin da ke ciki ba. Kara kashi biyu ne: ɓawo mai ƙarfi da santsi a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Yaro yakan feƙe ɓawon da reza ko da haƙori ya fitar da shi siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Totuwa ita ce ginshiƙi da mahaɗa, siraran ɓawon kuma su ne ƙusa da sanduna, ana soka su cikin totuwa su riƙe ba tare da gam ba. Inda ake son ƙarin ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Taya ana fafe ta daga sakaina, daga baya tsohon silifa ya karɓe wannan aiki saboda ya fi jure hanya, murfin kwalba kuma ya zama fitila. Wanda ya ƙware yakan bar kara ya koma langa-langa da waya da gwangwanin madara, ya yanko robar tsohon tub ya ɗaure mahaɗa, ya sa doguwar sanda mai sitiyari a kai wadda idan ya murɗa ta tayoyin gaba suke juyawa. Siffar a-kori-kura ta dace da waɗannan kaya ƙwarai, tun da layukanta miƙaƙƙu ne kuma bayanta akwati ne da za a iya loda wa ƙasa.

Babu zane a gaban wannan yaro, babu awo. Shi ne zai dubi motar gaske ya yanke wa kansa shawara ko kan motar kashi nawa ne cikin tsawonta, ina tayar baya take zama a ƙarƙashin bodi, me za a bari me za a ɗauka. Ƙasar Zuru ba baƙuwar irin wannan ido ba ce: matan Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, sun shahara da gina siffofin mutane da dabbobi na yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburburan manya, har wasu daga cikinsu suna gidajen tarihi na Turai da Amurka a yau.

Sannan akwai alƙalanci, kuma alƙalancin yara ba shi da sassauci. Motar da ɗaya daga cikin tayoyinta huɗu ba ta taɓa ƙasa gurguwa ce. Wadda aka tura ta karkace hagu ko dama ba ta da daraja komai kyanta. Dole ta ɗauki lodi ta haura tudu ba ta ɓalle ba. Bayan duk wannan sai babbar jarrabawa: yaron da bai ga lokacin da aka ƙera ta ba ya hango ta daga nesa ya ce Fijo ce, ko Landiroba ce, ba tare da an faɗa masa ba.

Abin sha'awa shi ne, waɗannan sharuɗɗa kusan su ne manyan mutane suke bi a gasannin ƙananan motoci na Amurka da Turai da Japan, inda wannan wasa ya zama masana'anta mai tarihin kusan shekara 90. An fara sayar da kayan harhaɗawa na roba a Ingila a 1936, jiragen sama ne a lokacin, masu suna Frog Penguin. Mota ta biyo baya ta ƙofar talla. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Mishigan a 1948, ya fara ne da ƙera wa kamfanonin Ditiroyit ƙananan kwafin sababbin motocinsu domin dillalai su riƙa nuna wa masu saye, su kuma bai wa 'ya'yansu kyauta. A 1958 AMT ya fara sayar da irin waɗannan motoci a wargaje cikin kwali, da ƙarin kayan ado, yaro ya harhaɗa da kansa. Daga nan kasuwa ta buɗe, su Revell da Monogram suka yi ta fafatawa, kuma da yake Ba'amurke da a-kori-kura ba sa rabuwa, motocin Ford da Chevrolet masu buɗaɗɗen baya suka sami gurbinsu tun farkon shekarun 1960.

Abin da ya raba wannan da motar kara shi ne ma'auni. Akasarin motocin Amurka ana yin su a kan 1:25, wato kowane santimita ɗaya a jikin 'yar motar yana wakiltar santimita 25 a jikin ta gaske, saboda haka motar da tsawonta ya kai mita 5 za ta dawo santimita 20. Wasu kamfanoni, musamman na Japan da Turai, sun fi son 1:24, wanda asalinsa rabin inci ne a madadin ƙafa guda. Wannan lissafi yana da hukunci mai tsanani. Kuskuren milimita ɗaya a ƙofar 'yar mota daidai yake da ratar santimita biyu da rabi a ƙofar motar gaske, ratar da yatsa zai shige. Fentin da ya yi kauri kaɗan sai ya cike layin ƙofa, motar ta koma kamar sabulu.

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya, IPMS, wadda aka kafa a Ingila a 1963, ta shahara da tsarin alƙalancin da yake fara duba tushe kafin ado. Alƙali zai sunkuya ya ga ko tayoyi huɗu sun zauna a kan tebur, ko bodi ya hau daidai a kan shasi, ko an goge layin haɗi da sanfefa, ko gam ya ɓata gilas, ko ƙura ta maƙale a fenti. Sai motar ta tsallake wannan ake maganar wayoyin inji da sauran ƙananan abubuwan da mai ita ya ƙara. Yaron Dabai zai gane wannan tsari nan take. Bambancin kawai shi ne motarsa dole ta yi tafiya, ta Bature kuwa a cikin gilas za ta ƙare rayuwarta.

Sai dai akwai wani alƙalanci na biyu da masu saye suke yi tun kafin a taɓa gam, shi ne na ingancin abin da ke cikin kwalin, kuma a nan ne labarin yake komawa kan abu guda: mazubi. Ana narka roba ne a tura ta da ƙarfi cikin wani ƙarfe mai ɓari biyu da aka sassaƙa siffar kowane sashe a cikinsa, ta daskare, a buɗe, sassan su fito manne da sanduna kamar 'ya'ya a reshe. Robar kanta ba ta da tsada. Mazubin ne dukiya, domin sassaƙa shi yakan ci watanni da kuɗi masu yawa, kuma duk kuskuren da aka yi a cikinsa zai fito a kowane kwali har ranar da aka daina amfani da shi. Idan rufin motar ya fito a gajarce, babu gwanin da zai gyara sai da yanka da ciko. Idan mazubi ya tsufa, ɓarinsa biyu ba sa haɗuwa ƙam, sai roba ta riƙa tsiyaya ta bar geza a gefen kowane sashe. Har yau ana sayar da a-kori-kurar Ford ta 1953 da AMT ya sassaƙa mazubinta a shekarun 1960, cikin sabon kwali mai sabon hoto, kuma tambayar farko da masani yake yi game da kowace mota ita ce ko sabon mazubi ne ko tsoho aka kaɗe wa ƙura.

Wanda ya riƙe wannan a zuciya zai kalli tarihin Fijo a Nijeriya da wani ido daban, domin a-kori-kurar da yaran Zuru suke kwaikwaya ita kanta a cikin akwati ta zo. An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria rajista a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975, shekarar da ta Volkswagen ta buɗe a Legas. Daga baya aka ƙara na manyan motoci: Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Tsarin da aka bi shi ne wanda masana'antu suke kira CKD, wato a aiko da mota a wargaje gaba ɗaya a harhaɗa ta a nan. Da yake a 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe da ɗaruruwan jiragen siminti, sai Peugeot ya koma sama: jiragen dakon kaya suka riƙa tashi daga Liyon ta Faransa suna sauke sassan mota a filin jirgin Kano, manyan motoci suna kwasa zuwa Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200. Da wuya a sami wani kayan harhaɗawa a tarihi da aka yi wa gata irin wannan.

Ba daidai ba ne a raina abin da Kaduna ta yi. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar hukuma, kuma a farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da motoci dubu gomomi a shekara. Dubban ma'aikata sun koyi walda da fenti da haɗa inji a kan ƙa'ida, kuma an sami kamfanonin cikin gida masu samar da batir da kujeru da gilas da fenti, ga tayoyin Michelin daga Fatakwal da na Dunlop daga Legas. Amma inji da giya da manyan ƙarafan bodi daga waje suke zuwa, kuma mazuban da ake buga su da su suna can. An yi shirin cike wannan giɓi: an ba kamfanin Tarayyar Sobiyat kwangilar Ajakuta a 1979, an kafa masana'antar ƙera injinan aiki a Oshogbo a 1980 tare da wani kamfanin Indiya. Ajakuta ba ta kammalu ba. Da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, farashin kowane akwati daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikacin gwamnati ya daina mafarkin sabuwar Fijo, motocin Kwatano suka cika titi. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983, tamkar dai tsohon mazubin nan a sabon kwali. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi a 2012, Michelin da Dunlop kuma sun rufe masana'antunsu a tsakanin waɗannan shekaru.

Kamfanin Tamiya na Japan ya nuna ɗaya hanyar, kuma farkonsa bai fi na mai motar kara nisa sosai ba. Gidan yanka katako ne da aka kafa a Shizuwoka a 1946, yana yin ƙananan jiragen ruwa na itace a gefe. Da roba ta kashe kasuwar itace, sai ya shiga roba yana ba wasu kwangilar mazubi, ya sha wahalar jinkiri da rashin inganci, har a shekarun 1960 Shunsaku Tamiya, ɗan mai gidan, ya kafa sashen sassaƙa mazubi a cikin kamfanin. Lokacin da suka so fitar da Porsche 934 a kan ma'aunin 1:12 a tsakiyar shekarun 1970, sai suka sayi Porsche 911 ta gaske suka wargaza ta domin su auna kowane sashe. A 1981 suka fitar da a-kori-kurar Toyota mai tafiya da rimot a kan 1:10, da shasin ƙarfe da giya uku masu aiki. Sunan da Tamiya ya yi, na cewa sassansa suna shiga juna ba gardama, daga wannan ɗakin mazubi ya fito.

Idan aka jera mutum ukun nan, yaron da ke feƙe kara, da Ba'amurken da ya buɗe kwalin AMT, da ma'aikacin Kakuri, za a ga wani abu da ya saɓa wa tsammani. Biyun ƙarshe suna harhaɗa abin da wani ya auna ya zana ya zuba. Na farkon ne kaɗai ya yi aikin daga tushe har ƙarshe, ko da yake da idon ƙiyasi ya yi shi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗora masa awo da lissafi a kan wannan ido, ya kuma nuna masa cewa wasan yana da gaba.

Kamfanin General Motors ya gane haka tun 1930, lokacin da sashensa na Fisher Body ya kafa gasar ƙasa baki ɗaya ga yara maza. Da farko keken doki na sarauta ake ƙerawa bisa zanen da aka bayar. Daga 1937 aka buɗe fagen da yaro zai zana motarsa ya sassaƙa ta, kyautar kuwa kuɗin karatun jami'a. Gasar ta ɗore har 1968, kuma Chuck Jordan, wanda ya ci ta a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin a 1986. Har gobe manyan kamfanonin mota suna gina sabuwar mota da wani irin yumɓu, ƙarama sannan babba, kafin a taɓa ƙarfe. Wannan yanki ma yana da shaidarsa. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Ditiroyit a 1990 da tallafin karatu na Jihar Sakkwato, ya shiga General Motors, kuma zanensa ne aka nuna wa duniya a 2007 da sunan Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Nijeriya. Sai dai tallafin karatu guda ɗaya sa'a ce ta mutum ɗaya, ba ta kama ƙafar gasar da ta shekara 38 tana tace yara ba.

Matakin da ƙasar Hausa ta tanadar wa mai motar kara shi ne gareji. Daga can ake samun bakanike da mai walda da kafintan bodi, waɗanda suka riƙe Fijo 404 a kan hanya shekaru da yawa bayan masu ita sun manta da ita, suna ƙara mata sifirin domin ta ɗauki ninkin abin da aka yi ta dominsa. Mafi kusa da aikin mazubi a cikinsu su ne maƙeran zubi irin na kasuwar Panteka a Kaduna, masu danna tukunya ko wani sashen inji cikin damshin yashi su fitar da siffarsa, su narka alminiyon su zuba. Ilmin iri ɗaya ne da na Shizuwoka, sai dai mazubin yashi zubi ɗaya yake yi a rushe shi, kuma kwafin abin da ke hannu yake bayarwa.

Yau motar kara tana ja da baya, a gari dai ta kusa ɓacewa. Motar roba 'yar Sin, wadda akasari daga masana'antun Shantou take fitowa, tana zuwa a haɗe, da fenti da fitila, a farashin da uba zai iya biya ranar sallah, kuma ba ta neman komai daga yaro sai ya tura. A-kori-kurar da ake gani a hanyoyin Zuru ma ta sauya: Hilux ce, kuma sau da yawa jami'an tsaro ne a bayanta maimakon buhunan dawa. A 2020 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru, a ƙasar da har yanzu kai amfanin gona kasuwa yake dogara da mota mai buɗaɗɗen baya. A 2022 kuma sabon kamfanin da Ɗangote ya kafa tare da Peugeot da gwamnatocin Kaduna da Kano ya fara aiki a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma cikin motocin da ya sanar zai fitar akwai a-kori-kura mai suna Landtrek, wadda sassanta suke isowa daga waje a harhaɗa su a nan.